Na'urar Hasashen Lalacewar Injin Wuta: Kada A Yi Mana Cinikin Biri A Sama

Idan dai masu karatu ba su manta ba, a farkon watan Agusta na 2023 ne Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, kuma ba a maido da ita ba sai cikin watan Maris na 2024. A wancan lokaci kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ake sha a Nijar daga Najeriya take zuwa. Abin da aka fi tattaunawa a kai cikin waɗannan watanni shi ne siyasa, amma akwai wani abu da kowane ɗan kasuwa ya gani da idonsa, wato injunan cikin gida da aka saba barin su a matsayin na ko-ta-kwana, su ne aka ɗora wa kaya dare da rana, kuma duk ranar da ɗaya ya tsaya babu wanda zai karɓe shi.

Wutar da muke sha a wannan yanki ba ta san iyaka ba. Layin da ya taso daga Birnin Kebbi shi ke ciyar da Doso da Yamai, wanda ya taso daga Katsina ya shigo Gazawa shi ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Can baya kuma akwai madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, mai injuna 8 da ƙarfin megawat 760, da ta Jebba ta 1985, da ta Shiroro ta 1990. A arewacin Nijar akwai tashar gawayi ta Anu Araren da kamfanin SONICHAR ke gudanarwa tun 1981, a Yamai kuma akwai tashar Goru Banda mai megawat 80 da aka buɗe a 2017. Duk wanda ya dubi waɗannan shekaru zai ga cewa wasu daga cikin injunan sun girme mu da muke wannan rubutu, ballantana yaran da ke tsare mana shaguna.

To, idan ɗaya daga cikinsu ya tsaya ba zato ba tsammani, ba injiniya ne ke fara asara ba. Mai ƙanƙara ne a Ƙonni, wanda ya zuba ruwa cikin firji da dare ya wayi gari da ruwa. Mai kifi ne da mai kaji a Jibiya, da mai injin niƙa a Magarya da mata suka jera masa kwanoni, da tela a Illela ana saura kwana biyu salla, da mai walda da mai cajin waya a Ɗan Isa da Maigatari. Kowa sai ya koma ga janareto, ko gurup kamar yadda muke cewa a wannan gefen, ya ƙone ribar ranar a gazuwal. Ɗan kasuwa yana iya jure ɗaukewar wuta idan ya san ranarta. Abin da ke karya shi shi ne ta zo masa babu sallama.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wata haja da manyan kamfanonin duniya ke tallatawa ga masu tashoshin wuta, wato manhajar kwamfuta da aka ce tana iya faɗin cewa inji zai lalace tun kafin ya lalace. Ba sabuwar magana ba ce a ƙasashen da suka ci gaba. Kamfanin General Electric na Amurka ya sayi wani kamfani mai suna SmartSignal a 2011 saboda wannan aikin, Siemens na Jamus ma ya sayi Senseye a 2022. Yanzu da ake yayin ƙirƙirarriyar basira, tallar ta ƙara ƙarfi, kuma ko ba jima ko ba daɗe za ta iso teburin masu sa hannu a kan kwangila a ƙasashenmu. Kuɗin da za a biya kuwa, ko an karɓo shi bashi, a takardar kuɗin wutarmu zai ƙare. Saboda haka muna da bakin magana.

Yadda abin ke aiki ba wani tsafi ba ne. Duk direban da ya daɗe yana bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya san cewa mota ba ta mutuwa ba tare da ta yi ƙorafi ba. Sai ta fara wata ƙara, ko ta ɗauki zafi, ko baƙin mai ya canza launi. Haka manyan injuna suke. Ana liƙa musu ƴan ƙananan na'urori da ke auna karkarwar inji, da zafin boris, da ƙarfin mai, da hayaƙi, kowace daƙiƙa. Ana ɗibar baƙin mai a kai ɗakin gwaji a ga ko akwai garin ƙarfe a ciki. A taransifoma ma ana ɗibar man da ke cikinta a duba iskar da ta narke a ciki, domin idan aka samu asitilin, irin iskar nan da masu walda ke aiki da ita, to alama ce wuta na tartsatsi a ciki. Abin da manhajar ke yi shi ne ta haddace yadda waɗannan lambobi suke lokacin da inji ke cikin ƙoshin lafiya, ranar da suka fara kaucewa sai ta buga ƙararrawa.

Kafin zuwan wannan, hanya biyu aka sani: ko a bar inji ya yi ta aiki har ya faɗi, wadda ita ce muka fi ƙwarewa a kai, ko kuma a riƙa kwance shi bayan ya cika wasu awoyi, ko da lafiyarsa lau. Ta biyun ta fi ta farko, amma ita ma tana da nata aibin. A 1978 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen sama na United Airlines, Stanley Nowlan da Howard Heap, sun fitar da wani rahoto da ya canza tunanin masu gyara a duniya. Sun gano cewa kashi 11 cikin ɗari ne kawai na sassan jirgi ke lalacewa saboda tsufa ta yadda sa musu wa'adi zai yi amfani. Sauran kashi 89 ba sa bin kalanda, kuma mafi yawansu sun fi ba da matsala ne lokacin da suke sababbi ko kuma jim kaɗan bayan an taɓa su. Duk wanda ya taɓa kai lafiyayyar mota gareji ya dawo da ita tana tari ya san wannan. To tunda kalanda ba ta isa ba, sauraron injin kansa shi ne abin yi.

Har zuwa nan ba mu da ja. Rigakafi ya fi magani, kuma muna goyon bayan a kawo duk abin da zai rage mana duhu. Inda muke da magana shi ne yadda za a gane ta ƙwarai daga ta banza, domin a nan ne ake cin kasuwar wanda bai sani ba.

Mai talla zai zo da takarda mai sheƙi ya ce manhajarsa tana faɗin daidai kashi 99 cikin ɗari. Mu ɗauki misali mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce inji ya yi aiki kwana 1,000, a ciki ya lalace sau 5. Mu kawo wani yaro mu zaunar da shi bakin injin, mu ce masa kullum aka tambaye ka ka ce lafiya lau. Yaron nan zai faɗi daidai sau 995, wato kashi 99.5 cikin ɗari, ya ma fi manhajar, alhali kuwa bai hango ko lalacewa ɗaya ba. Dalili shi ne lalacewar babban inji abu ne da ba ya faruwa kullum, don haka wanda ya yi shiru ma yana cin jarrabawar. Duk jami'in da aka nuna wa wannan lamba ya gyaɗa kai ya sa hannu, ya saya mana mai gadin da ke kwana barci, ana yaba masa saboda yawancin darare ɓarawo bai zo ba.

Tambayar da ɗan kasuwa zai yi wa mai gadi ita ce za a yi wa manhajar. Cikin dararen da ɓarawo ya zo, sau nawa ka farka? Sannan cikin ihun da ka yi, sau nawa ɓarawo ne, sau nawa mage ce? Waɗannan lambobi biyu ba sa tafiya tare cikin sauƙi. Idan aka ƙara wa manhajar kaifin kunne don kada komai ya wuce ta, sai ihun ƙarya ya yawaita. Idan aka rage don a huta da ihu, sai ɓarawo ya riƙa wucewa. Mai talla ya san haka sarai, shi ya sa yakan nuna maka lamba ɗaya ya ɓoye ɗayar, kamar mai nuna maka saman buhu.

Kuma ihun ƙarya ba kyauta ba ne. A ce cikin shekara manhajar ta yi ƙararrawa sau 40, guda 4 ne kawai na gaskiya. Idan abin da ƙararrawar ke bukata shi ne ma'aikaci ya ɗauki na'urar hannu ya je ya auna, to babu laifi, an ci riba. Amma idan kowace ƙararrawa tana nufin a kashe inji a tsakiyar watan Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma babu wani injin da zai karɓi kayan, to an ɗauke wa gari wuta sau 36 a banza. Abin da ya fi wannan muni shi ne halin ɗan Adam. Bayan ihu na goma da aka je ba a ga komai ba, ma'aikata za su daina tashi, wani ma zai rage ƙarar na'urar don ya samu barci. Ranar da na gaskiya zai zo, da shi da na ƙarya duk ɗaya ne a kunnensu. Saboda haka ba a auna manhaja da lamba tsura, sai an sa kuɗi a kan kowane irin kuskure: nawa ake asara idan ta yi shiru inji ya fashe, nawa ake asara idan ta yi ihu babu komai.

Sai maganar lokaci, wadda a ganinmu ita ce ta fi shafar ƙasa irin tamu da ba ta da teku. Manhajar da ta faɗa maka cewa boris zai ƙone nan da awa 2 ta yi gaskiya, kuma ta taimaka an kashe inji kafin ɓarnar ta yi yawa, amma ba ta hana duhu ba. A Jamus gargaɗin mako guda ya isa, domin kayan gyara na bayan gari. A nan kuwa sai an rubuta takarda, an nemi izini, an nemo kuɗin waje, an yi oda, kaya sun hau jirgin ruwa, sun sauka tashar teku, sun hau mota, sun tsaya duwan. Ku da ke wannan sana'a kun fi mu sanin abin da ya faru da kaya bayan rufe iyakar Benin a 2023, lokacin da aka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. Babbar taransifoma kuwa ba a ajiye ta a kanti, ƙera ta ake yi bayan an yi oda, kuma takan ɗauki shekara ko fiye. A watan Satumba na 2023 gobara ta cinye manyan taransifomomi a tashar Birnin Kebbi, tashar da layin Yamai ke tasowa daga cikinta, jama'ar Kebbi da Sakkwato suka shiga duhu. Don haka abin tambaya a nan ba wai ko manhajar ta hango ba ne kawai, a'a, kwana nawa ta bayar, kuma kwanakin sun kai tsawon hanyar kayan gyaranmu?

Masana da kansu sun yarda cewa jinkiri ya fi gaggawa laifi. A 2008 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar da wasu bayanai na injunan jirgin sama domin masu bincike su gwada manhajojinsu, kuma a tsarin ba da makin, wanda ya yi hasashe a makare ana cire masa maki fiye da wanda ya yi da wuri. Sai dai a nan ma akwai abin lura. Waɗannan injuna ba a taɓa ƙera su ba, kwamfuta ce ta kwaikwayi aikinsu har zuwa lalacewa. Wani tarin bayanan da aka fi yin gwaji da shi kuma na jami'ar Case Western Reserve ne da ke jihar Ohayo, inda aka ɗauki wani ɗan ƙaramin inji mai ƙarfin doki 2 a ɗakin gwaji, aka yi wa boris ɗinsa rauni da gangan, aka naɗi karkarwarsa. Ba mu raina wannan aiki ba, da shi ɗalibai ke koyo. Amma yawancin lambobin ban mamaki da ake gani a takardun bincike daga irin waɗannan wurare suke fitowa, inda babu ƙura, babu zafi, babu gurɓataccen mai, babu wayar da ɓera ya ci. Ragon da ya yi nasara a hoto ba shi ake yankawa ba.

Ko da an ce an gwada manhajar da bayanan tasha ta gaske, akwai sauran tambaya. Da bayanan da ta yi karatu a kansu aka yi mata jarrabawa, ko da waɗanda ba ta taɓa gani ba? Idan aka cakuɗa bayanan shekara uku aka ba ta wani kashi ta koya, aka gwada ta da ragowar, to ta riga ta leƙa amsa, domin ta ga abin da ya faru ranar Talata da ranar Alhamis, ana tambayar ta Laraba. Wannan shi ne bokan da ke ba ka labarin jiya. Gwajin gaskiya shi ne a ba ta na shekarun baya ta koya, a rufe littafi, sannan a ce ta yi hasashen shekarar da ke biye, a kan injin da ba ta sani ba.

Kuma a yi shi a nan, ba a can ba. Injin da ke aiki a bakin tekun Turai ba ya shaƙar ƙurar hunturu, matatar iskarsa ba ta toshewa cikin ƴan kwanaki, ba ya aiki a zafin bazararmu, ba a kashe shi a kunna shi sau da yawa a rana saboda layi ya faɗi. Manhajar da ta koyi lafiyar inji a watan Janairu za ta ɗauka kowane inji na zazzaɓi a watan Afrilu. Shi ya sa muke ganin mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi shi ne a bar ta ta yi shekara guda cur a tasha, ta ga bazara da damina da hunturu, tana rubuta hasashenta da kwanan wata a inda ba za a iya gogewa ba, ma'aikata kuma suna ci gaba da aikinsu yadda suka saba. Ƙarshen shekara sai a buɗe littattafan biyu a gwama. Wanda ke da tabbacin hajarsa ba ya hana a soka ƙarfe a tsakiyar buhu.

Sai dai wannan gwamawar tana bukatar littafi na biyu ya kasance akwai shi. Idan tasha ba ta rubuta ranar da inji ya tsaya, da sashen da ya lalace, da dalili, da abin da aka sauya, to babu abin da manhajar za ta koya, babu kuma abin da za a auna ta da shi. Inda aka saba rubuta "an gyara" kawai a wuce, gara a fara da sayen rajista da biro.

Akwai kuma wanda ake mantawa da shi a wannan ciniki, wato tsohon ma'aikacin da ya yi shekara 25 a ɗakin inji, wanda ke ɗora tafin hannu a jikin ƙarfe ya ce wannan ba zai kai Juma'a ba. Akwai kuma ƙararrawar da ta zo da injin tun daga masana'anta, mai kuka idan zafi ya wuce ƙima. Waɗannan biyun an riga an biya kuɗinsu. Manhajar da za a biya miliyoyi a kanta dole ta nuna abin da ta hango wanda su ba su hango ba, ko ta riga su da kwanaki masu amfani. Idan abin da take faɗa shi ne abin da dattijon nan ya riga ya faɗa ba a saurare shi ba, to ba manhaja ce ta yi mana ƙaranci ba.

Wani wuri mai santsi shi ne wannan. Idan manhajar ta yi ihu aka sauya sashen, injin bai lalace ba, ta yaya za a san da gaske zai lalace ɗin? Mai talla zai rubuta a rahotonsa cewa ya ceto tasha daga asarar kaza, kuma babu mai iya ƙaryata shi tunda abin bai faru ba. Maganin wannan kowane mai mota ya san shi: bakanike ya ce ya sauya maka abu, ka ce ya miƙo tsohon. A buɗe sashen da aka cire a gaban wanda ba ma'aikacin mai tallar ba, a ɗauki hoto, a rubuta ko an ga tsaga ko ba a gani ba. Wannan ya zama dole musamman idan kamfanin da ya sayar da manhajar shi ne kuma ke sayar da kayan gyaran. Ba mu ce kowa macuci ba ne, amma ko a kasuwar shanu ba a barin dillali ɗaya ya yaba saniya, ya yanke kuɗi, ya kuma karɓi la'ada gefe biyu ba tare da shaida ba.

Duk wannan kuwa idan an samu manhaja ta ƙwarai ke nan, saura wanda zai ji maganarta. Abin da ya faru a Rasha ya isa misali. Tashar Sayano-Shushenskaya da ke kan kogin Yenisei a Sibiriya ita ce mafi girma a ƙasar, injuna 10, ƙarfin megawat 6,400, wato ta ninka Kainji sau 8. An yi wa injinta na 2 gyara a farkon 2009, amma bayan gyaran karkarwarsa ta yi ta ƙaruwa har ta wuce ƙimar da aka yarda da ita nesa ba kusa ba. Akwai na'urar da ke auna wannan karkarwa, lambobin suna nan, an gan su. Ba a kashe injin ba. A daren 16 ga Agusta gobara ta tashi a wata tashar, ta Bratsk, aka juyo da nauyin daidaita wutar yankin kan Sayano, aka riƙa ƙara wa injin nan kaya ana ragewa. Da safiyar 17 ga Agusta 2009, manyan ƙusoshin da ke riƙe da murfinsa suka tsinke, ruwa ya cilla injin sama, ya cika ɗakin. Mutum 75 suka rasu.

Da hukumar bincike ta duba, murfin na da ƙusoshi 80. Cikin 49 da aka samu aka bincika, mafi yawansu sun riga sun tsage tun kafin ranar, 6 kuma ko noti babu a kansu. Sai a 2014 aka kammala maido da tashar, a shekarar ce kuma kotu ta ɗaure daraktanta da wasu manyan injiniyoyi. Rasha ba ta rasa masana ba, ba ta rasa na'ura ba. Abin da aka rasa a wannan dare shi ne mutumin da ke da iko da ƙarfin halin cewa a kashe, ko da manya za su yi fushi. Mu tambayi kanmu, a tashoshinmu, idan allo ya yi ja ranar da babban baƙo ke gari, ko ana tsakiyar azumi da zafi, wane ne zai kashe injin, kuma wace takarda ce za ta kare shi washegari? Idan ba a rubuta amsar wannan ba kafin a sayo manhajar, to ado aka sayo.

Ya kamata kuma a faɗa wa jama'a gaskiya game da abin da manhajar ba ta gani, don kada a sa musu rai. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin arewacin Najeriya, har da Kano da Katsina da Jigawa, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin da ya rage, wanda ya biyo ta Binuwai, shi ma ya samu matsala. Babu na'urar auna karkarwa da za ta hango wannan. Ba ta hango takunkumi, ba ta hango bashin da ya hana a kawo mai ko iskar gas, ba ta hango ƙarancin ruwa a kogi. Wani ɓangare ne kawai na duhunmu ke fitowa daga lalacewar inji, kuma kafin a kashe kuɗi ya dace a fito da lissafi a ce cikin awoyin da aka yi babu wuta bara, kaza na lalacewar inji ne, kaza na layi, kaza na rashin mai. Wannan lissafin ne zai nuna ko manhaja ce ta fi gaggawa ko kuwa ɗakin ajiyar kayan gyara.

Watannin takunkumi sun kuma koya mana mu tambayi inda bayanan za su zauna. Da yawa daga waɗannan manhajoji haya ake ba da su, ana tura lambobin inji ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, amsa ta dawo. Ƙasar da aka taɓa katse wa wuta da rufe wa asusu cikin mako guda ba ta da hujjar ɗauka cewa ba za a taɓa katse mata wannan ba. A rubuta a kwangila cewa bayanan na tashar ne, kwafinsu na nan gida, manhajar za ta ci gaba da aiki ko intanet ya yanke, kuma za a horar da injiniyoyinmu su iya gyara mata saiti da kansu. Muna da matasa da suka fito daga jami'o'in Yamai da Maraɗi da Zariya da Kano waɗanda wannan lissafi bai fi ƙarfinsu ba.

Kiranmu ga hukumomin da ke sa ido a kan harkar wuta, ARSE a Nijar da NERC a Najeriya, shi ne duk ranar da irin wannan kwangila ta taso, kada a biya kuɗin gaba ɗaya a kan alkawari. A ɗaure wani kaso a kan sakamakon shekarar gwaji, a kuma buga sakamakon a jarida da harshen da jama'a ke ji: lalacewa nawa aka yi, nawa ta hango, da kwana nawa, ihun ƙarya nawa, awoyin tsayawar ba-zata sun ragu ko ba su ragu ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram da takwarorinsu na Katsina da Sakkwato suna zama da hukuma a kan kuɗin duwan da shingayen hanya, babu abin da zai hana su sa wannan a cikin ajanda, tunda su ne manyan masu biyan kuɗin wuta a garuruwansu.

Akwai kuma ma'aunin da ba ya bukatar injiniya, wanda kowane mai shago zai iya riƙewa da kansa. Idan da gaske tasha ta san injinta zai bukaci gyara nan da mako uku, to tana iya zaɓar rana, ta kauce wa ranar kasuwa da jajibirin salla, ta aiko da sanarwa gidajen rediyo kwana uku kafin lokacin cewa unguwa kaza ba wuta daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Mu a gidajen rediyon karkara a shirye muke mu karanta irin wannan sanarwa da Hausa da sauran harsuna, safe da yamma. Mai ƙanƙara sai ya rage zubi, mai kifi ya jinkirta oda, tela ya yi dare tun kafin ranar. Kowane ɗan kasuwa ya samu ɗan littafi ya ajiye kusa da na bashi, ya ja layi biyu, ɗaya na ɗaukewar da aka sanar, ɗaya na wadda ta zo babu sallama, ya riƙa sa alama da kwanan wata. Bayan shekara guda da kafa manhajar, a kawo littattafan taron ƙungiya a ƙirga.